Ranar Da Na Riƙe Igiyar Kare A Dajin Shuɗin Fure

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan matan da ke kwana kuna tashi da burin auren mazaunin Turai. Ku matso kusa ku sha labarin wani daji da na shiga a ƙasar Beljiyam, da yadda wani tsohon kare ya hana ni tattara kayana in dawo Kano.

A watan Nuwamba na 2023 aka kai ni Burasal wajen maigidana. Na sauka ne a bakin hunturu, lokacin da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe 5 na yamma, sama kuwa kullum kamar an shafa mata toka. Shi ya fita aiki da duhu, ya dawo da duhu, ni kuma ina hawa na uku daga ni sai tukwane da waya. Wata biyar na yi a haka.

Kada ku ce kulle aka yi mini, wallahi har roƙona yake in fita in sha iska. Abin da ya tsare ni kare ne. Tun ina 'yar shekara takwas karen wani gida ya bi ni a hanyar Islamiyya, na faɗi a kan kwata, har yau tabon yana gwiwata. To ga shi tsohuwar da ke hawa na ƙasa tana da wani jibgegen kare mai ruwan zuma, ko da wane lokaci suna kan matakala ita da shi. Da na ji ƙarar faratansa sai in mayar da ƙofa in danna sakata.

Ƙaramar Sallah ta 2024 ta zo a watan Afrilu. Na ci kwalliya, na yi waina da miyar taushe, babu mai cewa in zubo masa. Da daddare ina kuka na ce da maigida, "Don Allah ka mayar da ni gida, na gaji." Ya yi shiru can ya ce, "Ki ba ni mako biyu, amarya. In har ranki bai sauya ba, ni da kaina zan sayo tikitin."

Washegari na yi ta maza na kai wa tsohuwar ragowar waina, na miƙa daga nesa ina leƙen bayanta. Bayan kwana biyu sai ga ta da kwanona a wanke. Da guntun Turancinta da guntun Faransancina muka fahimci juna. Ta ce, "'Yata, furanni sun buɗe a Halarbos, kwanakinsu kaɗan ne. Gobe za mu je." Na ce, "Madam, har da shi?" Ta yi dariya ta ce shi ne ma jagora.

Na kwana ina saƙa da warwara, amma kunyar tsohuwa ta fi ƙarfina. Da sassafe muka ɗauki hanya a 'yar motarta, ni a gaba na takure, shi a can baya an tsare shi da raga. Dajin yana kusa da garin Hale, kamar kilomita 20 kudu da Burasal, girmansa ya haura hekta 500, kuma ba a biyan ko sisi wajen shiga.

A nan bari in yi muku wani ɗan bayani. Wannan lokaci da ke biyo bayan hunturu a Turai, masu fassara kan kira shi bazara, amma ba irin bazararmu ba ce ta gumi da kwana a tsakar gida. Sanyi ne ke ja da baya a hankali, itatuwan da suka yi tsirara su fara toho, ana ɗan yayyafi ana ɗan hasken rana. Da rigar sanyi a kan atamfata na shiga, da takalmin maigida na motsa jiki wanda na cusa wa safa biyu.

Ba mu yi tafiyar minti goma ba na ja na tsaya. 'Yan uwa, gani ya kori ji! Ƙasa gaba ɗaya ta zama shuɗiya mai sirkin shunayya, kamar an baza shadda sabuwar fitowa daga marinar Ƙofar Mata, iyakar ganin ido. Da na sunkuya sai na ga 'yan furanni ne ƙanana, kowane kara ya ranƙwafa da jerin 'yan ƙararrawa a gefe guda. Daga cikinsu dogayen itatuwa masu santsin jiki sun miƙe sambal, ganyensu sabo, ɗanye shar. Ga wani ƙamshi sanyi-sanyi da ba na turaren wuta ba, ba na humra ba.

Nan take na zaro waya na sa ƙafa zan shiga tsakiyarsu in ɗauki hoton da zan tura wa ƙawayena. Sai na ji tsohuwar nan mai sanyin murya ta daka mini tsawa. Na dawo kan hanya jiki a sanyaye. Ta dafa ni ta yi mini bayani cewa kowane fure yana da 'yar albasa a cikin ƙasa, kuma daga ƙwayar iri zuwa furen farko yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. In aka taka ganyen, albasar ba ta samun abincin da za ta ajiye, sai wurin ya yi shekaru a ƙwaƙule. Shi ya sa doka ta hana sauka daga hanya, ta hana tsinka, ta kuma wajabta riƙe kare da igiya. Ta ƙara da cewa furen guba ne ga kare in ya ci, sannan a wannan lokaci barewar dajin na da ciki, tsuntsaye na kan ƙwai.

Na tambaye ta me ya sa kwanakinsu kaɗan ne. Ta nuna mini sama. Ashe rige-rige suke da ganyen itatuwan: dole su buɗe tun hasken rana na isowa ƙasa, domin da zarar ganye ya cika ya yi rumfa, sai inuwa ta rufe su, su kwanta sai baɗi. Duk ƙawar ba ta wuce 'yan makonni daga tsakiyar Afrilu. Ta kuma ba ni tarihi, cewa a Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Jamus sun sare mafi yawan manyan itatuwan dajin, aka sake dasa shi tsakanin 1930 da 1950, amma furen bai bar wurin ba.

Muka bi hanyar da ke ratsa wasu manyan itatuwa masu jan ɓawo, 'yan asalin Kaliforniya ta Amurka, tsawonta kamar kilomita 4. Masu karnuka sai wucewa suke, kowa da igiyarsa da 'yar ledar kwashe kashi. Na tuna gida, inda kare na mafarauta ne da makiyaya da masu gadi, ba a yawon shan iska da shi.

A wata gangara mai santsi gwiwar Madam ta riƙe. Ta cije leɓe, hannu ɗaya a sanda, ɗayan yana neman abin dafawa. Kawai sai ta miƙo mini igiyar ta ce, "Riƙe, 'yata." Gabana ya yanke ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe. To in ƙi, tsohuwa ta faɗi a gabana? Na yi bismilla na karɓa. Karen ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya, ya ci gaba da tafiya a hankali, in mun tsaya ya tsaya. A haka muka kai wani benci, ita a kafaɗata ta dama, shi a hannuna na hagu.

Muna shan shayin da ta zo da shi a fulas ta ce mini mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce, kuma tare suke zuwa dajin nan duk shekara. Bayan rasuwarsa ta rufe labule ta daina fita. "Amma wannan," ta nuna karen, "ba ruwansa da takaba. Safe da yamma sai ya fita, dole in sa takalmi in bi shi." Ta dube ni ta ce, "Ina jin tafiyarki a samana duk yini, daga ɗaki zuwa ɗaki. Na san irin wannan tafiyar." Allah sarki! Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Kafin mu shiga mota ta duba jikin karen tsaf, ta ce ni ma in duba ƙafafuna in na koma gida, saboda kaskar dajin Turai na ɗauke da cuta.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na koma mai son kare ba. Har gobe ba ya lasa ta, ba ya shiga ɗakina, shi ma ya san iyakarsa. Amma na daina danna sakata. Duk ranar Talata ina raka su yawo, na shiga ajin koyon Faransanci, a can na haɗu da wata 'yar Damagaram da muke hira da Hausa har bakinmu ya gaji. Da mako biyun suka cika maigida ya ce, "Amarya, maganar tikiti fa?" Na ce ya ajiye kuɗin sai babbar Sallah, kuma na zuwa da dawowa nake so.

Ke da za a kai wata ƙasa ko wani gari, ki sa takalmi mai ƙwari a cikin kayan lefenki, ki kuma gai da maƙwabciyarki tun makon farko, ko da kuwa tana da kare. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.