Agogon Zafin Hayaƙi da Hujin da Na Yi a Bayan Turbo

Duk wanda ya daɗe yana jan motar gas ya san allurar zafin ruwa ba ta da saurin magana. Sai ƙarfen injin ya ɗauki zafi, ya miƙa wa ruwa, ruwan ya zagayo, sannan allura ta motsa. Kafin nan, idan ɓarna ce, ta riga ta yi nisa. Hayaƙi kuwa nan take yake ba da labari: ka taka totur, cikin 'yan daƙiƙu zafinsa ya haura, ka ɗaga ƙafa, ya sauko. Shi ya sa masu a-kori-kura da ke hawa tudu da kaya suke ɗaura agogon da ke auna zafin hayaƙi. Ni ma na ɗaura shi, kuma yana manne a gabana yana aiki lafiya na ƙona injina da ƙafata.

Motar tsohuwar Hilux ce mai injin 1KZ, lita 3, irin wanda aka fara fitarwa a 1993. Injin ne mai ƙarfi da juriya, sai dai top ɗinsa na alminiyum ne, ba ya yafe zafin da ya wuce kima. Ina ɗauko doya daga wajen Lafiya zuwa Jos, wato dole in bi ta Akwanga in haura Hawan Kibo da cikakken lodi. Don ta riƙa hawa da kuzari na sa aka ƙara mata mai a famfo. Na san ƙarin mai a injin gas ƙarin wuta ne: idan man ya fi ƙarfin iskar da ke shiga, ba ya gama ƙonewa a kan lokaci, sai ya fito yana baƙin hayaƙi mai tsananin zafi. Ga shi Jos tana kan tudun da ya kai kusan mita 1,200, iskar can ba ta kai ta ƙasa kauri ba. Wannan tsoron ne ya sa na sayi agogon.

Kayan ba su da yawa: agogo, doguwar waya mai rigar ƙarfe, da wani tsinke da ake cusawa cikin hanyar hayaƙi. A cikin tsinken akwai wayoyi biyu na ƙarfe daban-daban da aka haɗe bakinsu. Idan mahaɗar ta yi zafi sai ta fitar da 'yar wutar lantarki, abin da Bajamushe Thomas Seebeck ya gano tun 1821. A irin tsinken da ake kira nau'in K, wutar kusan kashi 41 cikin miliyan na bolt ɗaya ce a kan kowane digiri. Ita agogon yake karantawa ya mayar da ita lamba.

Wuri biyu ake iya huda wa tsinken: ko a jikin manifol, inda hayaƙin silinda huɗun ke haɗuwa kafin ya shiga turbo, ko a bututun salansa bayan ya fito. Manifol ya ba ni tsoro. Idan aka huda shi yana jikin mota, ɓarɓashin ƙarfe zai zuba ciki, kuma ƙofar farko da zai tarar ita ce farfelar turbo, wadda ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti. Kwance shi kuwa aikin yini ne, ga notuna masu tsatsa da ke iya karyewa. Sai na kai motar wurin mai walda, ya huda bututun da ke ƙasan turbo, ya liƙa mazauni, muka ɗaura tsinke. Kafin la'asar an gama.

Hujin bayan turbo ba laifi ba ne a kan kansa, mutane da yawa suna yin haka. Laifina shi ne lambar da na riƙe a kaina. Na ji masu harkar suna cewa kada a bar hayaƙi ya daɗe sama da digiri 650 zuwa 700 a ma'aunin Salshiyas, sai na riƙe 700, ban tsaya na tambayi inda ake auna ta ba. Ashe ta gaban turbo ce. Turbo da zafin hayaƙi da matsinsa yake aiki. Kafin hayaƙin ya fito ta ɗaya gefen ya riga ya sauke wani ɓangare na zafinsa, kamar shayin da mai shayi ya sheƙa daga kofi zuwa kofi. Tazarar takan kai digiri 100 zuwa 200, kuma ba a tsaye take ba: a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya kaɗan ce, a kan tudu da kaya sai ta buɗe. Wato a daidai lokacin da na fi bukatar gaskiyar lamarin, a lokacin ne agogona ya fi nisa da ita.

Da ban ɗaura agogon ba ma, da na fi taka-tsantsan, kuma wannan ne ya fi ci min rai. A da idan na hango baƙin hayaƙi a madubi nakan sassauta ƙafa in koma giya ta ƙasa. Da agogo ya zo sai na daina duba madubi. Ina hawan Kibo a giya ta uku, injin yana gurnani, totur a ƙasa, allura tana wajen 600, ni kuma ina cewa a raina da sauran fili. A gaban turbo kuwa hayaƙin ya doshi 800. Alminiyum yana narkewa a 660. Abin da ke tsare fistin shi ne baƙin mai da ke sanyaya shi ta ƙasa da sabuwar iskar da ke shigowa a kowane zagaye, kuma wannan kariyar tana da iyaka.

Ba rana ɗaya motar ta faɗi ba. Ta fara shan ruwa kaɗan-kaɗan, ina ƙarawa ina cewa tiyo ne. Daga baya na buɗe lagireto da safe injin yana aiki, na ga ƙananan kumfa suna tasowa ba ƙaƙƙautawa. Da dattijon makanikin da na kai wa ya sauke top, ya goge shi da fetur, sai ya kama yatsana ya bi da shi ta kan wani siririn layi tsakanin mazaunin bawul biyu. Farcena ya maƙale a ciki. Gefen fistin ɗaya kuma ya yi fari-fari ya zaizaye.

Ya leƙa ƙarƙashin mota ya ga inda tsinken yake, ya ce, "Alhaji, nawa kake bari ta kai?"

Na ce, "Baba, ban taɓa bari ta kai 700 ba."

Ya girgiza kai. "A nan ƙasa, in ta wuce 500 da kaɗan ka fara ɗaga ƙafa."

Na guji ɓarɓashin ƙarfe don kada in rasa turbo, na ƙare da sayen top da fistin da ringi da gaskit, ga mota a ajiye a tsakiyar kakar doya. An gudu ba a tsira ba.

Tunda manifol ya riga ya sauka, sai muka yi aikin yadda ya kamata. Ya sa alama a mahaɗar bututun, dab da bakin turbo, a wuri mai kaurin ƙarfe. Ya fara da ƙaramin bakin huji, ya bi da na kusan milimita 8.5, sannan ya yanka zaren da ake kira 1/8 NPT. Wannan zaren tsukakke ne, yana ƙara faɗi yana shiga, don haka bai kai shi ƙarshe ba. Yana yi yana gwada mazaunin har ya kama dam. Ya wanke cikin, ya bi da iska. Waɗanda ke hudawa a jikin mota sukan shafa wa bakin hujin giris ya kama ɓarɓashin, su bi da siririn maganaɗisu, amma ni bayan abin da na gani na fi natsuwa da a kwance. Tsinken ya shiga har bakinsa ya tsaya a tsakiyar hanyar hayaƙi, bai taɓa bango ba. Wayar kuma ya hana a yanke ta ko a ƙara mata ta jan ƙarfe, domin kowace sabuwar mahaɗa tana iya karkatar da lissafi. Ragowar muka naɗe muka ɗaure nesa da salansa.

Na sa an rage man da aka ƙara. Yanzu idan allura ta kusa 650 a kan tudu, nakan koma giya ta biyu. Injin ya ƙara juyi, iska ta ƙaru, sai in ga allura ta sauko a gaban idona. Lokacin hunturu kuma, idan na lura tana hawa fiye da yadda ta saba a tudun da na sani da kaya iri ɗaya, matatar iska nake fara dubawa, galibi in same ta cike da ƙura. In na iso ba na kashe mota nan take. Nakan bar ta tana aiki a tsaye har zafin ya sauko wajen 200, don kada baƙin man da ya rage a cikin turbo ya ƙone ya daskare. Tsohon hujin na ƙasa mun toshe shi da noti, kuma duk direban da ya ce min motarsa ba ta wuce kaza a Hawan Kibo, sai na roƙe shi ya buɗe bonet ya nuna min inda tsinkensa yake kafin in ba shi amsa.