Baƙin Afrilu a Gaɓar Norfolk

'Yan'uwa mata, yadda muke jiran shamuwa, haka mutanen Ingila ke jiran tsattsewa. Da sanyi ya janye cikin Afrilu, sai su ɗauki tabaron hangen nesa su nufi Norfolk. Da asuba a zaga gandun Holkham ana sauraron kukan tsuntsaye, da hantsi a gangara fadamar Cley ta bakin teku, wadda aka keɓe musu tun 1926.

Da yawansu Sahara suka ƙetaro daga wajenmu. Da aka yi fari a ƙasashenmu cikin 1968, sai wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro ta yi ƙaranci ƙwarai a Ingila cikin 1969. Ashe fadamunmu ne rumbunsu. To, ku kwaɓi yara masu harbi da danƙo, baƙo ne ke wucewa.