Kujerar Tsakiya

Kwanakin baya jikana ya shigo gida da wata tsohuwar Pajero da ya saya, kujerunta duk sun yage har soso ya fito. Ya ce mini, "Kaka, na ga kujerun wata mota 'yar Beljiyam a kasuwar kayan gyara, masu laushi ƙwarai, ina so a ɗora mini su. Kai da ka san mota, me ka gani?" Na ce masa ya jawo tabarma ya zauna tukuna, gama ni ma na taɓa yin wannan aiki, ban kuwa taɓa ba shi labarin ba. Da na gama sai ya ce ya kamata 'yan'uwa masu karatu su ma su ji. To, ga shi.

Ni direba ne na gundumar ekklesiyarmu a kudancin Zariya, ƙasar da a yanzu a ke kira kudancin Kaduna. Motar da na ke tuƙawa Land Rover ce doguwa, ƙirar 1968, mai injin fetur da rufin tamfol. Mutanen ƙauye Landiroba su ke ce mata. Baturen mishan ne ya bar mana ita sa'ad da ya koma gida a 1976. Sitiyarinta a dama ya ke, domin an kawo ta tun muna bin hannun hagu. Nijeriya ta koma hannun dama ran 2 ga Afrilu 1972, ranar Lahadin Ista. Tun daga ranar, wanda ya zauna bakin ƙofar hagu shi ne idona in zan wuce wata mota. Ita ce motar Pasto, ita ce ta masu bishara, ita ce ta ɗakin magani. Amarya ta hau ta, gawa ma ta hau.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan mota ba, bari in gwada masa yadda gabanta ya ke. Ba kujera ba ce irin wadda kuka sani. Akwati ne dogo na alminiyon daga ƙofa zuwa ƙofa, an ɗora masa matasai uku masu tauri kamar buhun gishiri. Ƙarƙashin matashin direba akwai tankin fetur mai cin galan 10, wato a kan mai na ke zaune kullum. Ƙarƙashin na hagu akwai ma'ajin jak da sifana. Ƙarƙashin na tsakiya kuwa murfi ne wanda in ka ɗaga za ka ga akwatin giya. Mai zama a tsakiya shi ya fi kowa shan wuya: sandar giya tana bugun gwiwarsa, ga sanda mai jan kai da mai rawayan kai na sa ƙafa huɗu su ja, ga zafin inji yana gasa masa ƙafa. Bayan matasan kuma akwai bango gajere da ya raba gaba da baya. Can baya benci biyu ne suna duban juna a bisa tayoyi, inda kowane rami ya kan ɗaga mutum ya buga shi.

A tsakiyar nan uwargidana ta ke zama in za mu taro, Pasto yana bakin ƙofa. A nan kuma mu ke sa marar lafiyan da ba ya iya kwanciya, kafaɗata tana tare shi ta dama, mai jiyya yana riƙe da shi ta hagu. Ban taɓa ɗaukar wannan wani abu ba.

A 1981 ciwon baya ya matsa mini. Shekara biyar a kan gargada ba wasa ba ce. Cikin wannan shekara kuwa wani ɗan'uwa ma'aikacin gwamnati ya rage mini hanya zuwa Jos cikin sabuwar Peugeot 504, irin wadda aka fara haɗawa a Kakuri, Kaduna, a 1975. Ya ku masu karatu, da na zauna cikin kujerar nan sai na ji kamar an rungume ni. Ya murɗa wani abu a gefe, bayan kujerar ya kwanta. Kafin mu kai rabin hanya na yi barci. Da na dawo na hau Landiroba, sai na ji matashin da na saba da shi ya zama dutse. Matashin bai sāke ba. Ni ne na ɗanɗana zuma.

Na kai magana gaban dattawan ekklesiya. Suka ce ba kuɗi a baitulmali, amma in zan yi da aljihuna ba su hana ba. Wani tsoho a cikinsu, wanda ko keke bai iya hawa ba, ya ce, "Malam direba, kujerun Fijo nawa ne za su shiga gaban?" Na ce biyu. Ya ce, "Yanzu fa nawa ne?" Na ce uku. Ya gyaɗa kai, bai ƙara ba. A raina na ce, me tsohon nan ya sani game da mota?

Aljihun nawa kuwa ba kome a ciki. Kuɗin da ke gidan na uwargida ne, na cittar da ta noma, ta tsaga, ta shanya, tana tarin sayen keken ɗinki. Na roƙe ta aro. Ta kwance bakin zane ta ƙirga mini naira 70, sa'an nan ta ce, "Baban Ishaku, in an sa su, ni a ina zan zauna?" Na ce, "Haba Maman Ishaku, in Pasto ba ya nan ai ke ce mai kujerar. Za ki ji daɗin da ba ki taɓa ji ba." Ta ce, "In yana nan fa?" Na yi kamar ban ji ba.

A Panteka ta Kaduna na samo su, an ciro daga wata 504 da gabanta ya markaɗe. Akwai wani tabo baƙi a gefen ɗaya. Ban tambaya ba, mai sayarwa ma bai faɗa ba.

Na zaci aikin yini ɗaya ne. Kwana uku muka yi. Da fari muka ɗora kujerar bisa akwatin yadda ta ke, da layin ƙarfen da ta ke zamewa a kai. Na hau, sai kaina ya tokari sandar tamfol, cinyoyina suka matse ƙarƙashin sitiyari, ƙafata ba ta kai kuloci sosai. Dalili kuwa, a cikin Fijo kujerar a daɓen mota ta ke zaune, a nan kuwa akwatin ya riga ya ɗaga ta. Muka cire layin, muka yanke ƙafafunta. Sai wata matsala: bayan kujerar kauri gare shi, ga bangon nan ya hana ta ja baya, sai ta tura ni gaba har cikina yana gogar sitiyari. Kwanciyar bayan nan da ta sa ni barci a hanyar Jos, wadda dominta na yi sha'awar kujerar, babu halinta sam. Yaron makaniki ya ce a yanke bangon. Maigidansa ya ce a'a, bangon nan shi ke riƙe da haƙarƙarin bodi, in an yanke za ta riƙa buɗewa kamar tsohon kwando.

Shi wannan makaniki ina gode wa Allah dominsa. Yaron ya jawo wutar walda zai ɗana ƙarfe a cikin motar, sai ya daka masa tsawa ya ce, "Kai! Ka san abin da ke ƙarƙashin nan? So ka ke a tsince mu a Kafanchan?" A waje ya haɗa firam na ƙarfe mai kusurwa, nesa da tankin. Ya kuma gaya mini alminiyon ba ya riƙe noti, da jijjiga ramin zai faɗaɗa ƙusar ta zare, sai an sa faffaɗan ƙarfe ta ƙasa. Ya ɗaure kowace kujera da noti huɗu, ya ce, "Kada ka taɓa su." Tsakanin kujerun biyu abin da ya rage bai fi taki ɗaya na hannu ba. Jakar Littafi Mai Tsarki ta Pasto ce kaɗai ta ke shiga.

Gaskiya ita ce bayana ya sami sauƙi, ba zan ɓoye ba. Amma ko wata guda ba a yi ba taya ta yi faci a daji. Na sauko zan ɗauki jak, sai na tuna yana ƙarƙashin kujerar hagu, kujerar tana ɗaure da noti huɗu, sifanar kwance notin kuma tana tare da jak. Muka zauna gindin ɗorawa tun azahar har wata tifa ta zo da la'asar. Daga ranar na rage notin suka zama biyu, na baya kaɗai, su ma ɗaurin hannu, domin in riƙa ɗaga kujerar da sauƙi. Na ga kamar na yi dabara.

Wani abu kuma ya ɓullo wanda ban zata ba. Dā ba mai gardama a kan gaba, gama duk wuya ce. Yanzu kujerar hagu ta sami suna, kujerar manya. In za mu taron gunduma sai a tsaya bakin ƙofa ana "Bismilla, ranka ya daɗe," "A'a, kai ne babba," alhali kowa idonsa yana kanta. Wasu dattawa biyu sun yi wata uku ba sa gaisawa sosai saboda ita. Wata Lahadi Pasto ya yi wa'azi daga wasiƙar Yakubu sura 2, inda a ke tsauta wa masu zaɓen wanda za su ba wurin zama mai kyau. Bai ambaci mota ba, amma rabin majami'a sun waiwayo sun dube ni. Uwargida kuwa ta koma benci tare da buhuna da kaji. Ba ta ce kome ba. Keken ɗinkin ma ba ta tambaya ba.

Sai ga wani dare cikin Agusta 1982. Aka aiko cewa surukuwata, mahaifiyar uwargida, tana fama. Muka tarar ƙafafunta sun kumbura, tana zaune jingine da bango tana jan numfashi da ƙyar. Malamin ɗakin magani ya ce zuciya ce ta gaji, ruwa ya taru a huhu, a kai ta babban asibiti yanzu, kada kuwa a kwantar da ita ko kaɗan, in ta kwanta numfashin zai sarƙe. Mil 28 ne, an kuwa yi ruwa tun yamma.

Muka ɗora Inna a kujerar manya. Ba ta da ƙarfin riƙe kanta, tana zamewa wajen ƙofa. Uwargida ta dubi ɗan tsakanin nan na jakar Pasto, ta dube ni. Sa'an nan ta zagaya ta hau baya, ta durƙusa a daɓen ƙarfe, ta kwance mayafinta ta zagaya shi a ƙirjin tsohuwar ta ƙarƙashin hamata, ta naɗe bakinsa biyu a hannuwanta ta bisa bangon. Ta ce, "Mu tafi."

Na danna mai rawayan kai muka shiga laka. Inda ta yi tsanani na ja mai jan kai. Ina jin gwiwoyinta suna bugun ƙarfe a kowane rami, ina jin tana cewa, "Inna, ina nan. Inna, yi numfashi." Wani lokaci addu'a ta ke yi da harshenmu. Da muka gangaro wani kwari, fitila ta haska, sai na ga ruwa ya cinye rabin kwalbati. Na taka birki da dukan ƙarfina. Na ji ƙara, ƙwas! Notin nan biyu na ɗaurin hannu, ɗaya ya zare, kujerar ta tuma gaba ta karkace da tsohuwar a kai. Gaban Landiroba kuwa ƙarfe ne tsirara, ba soso ko kaɗan, motar kuma ba ta da bel. Goshin Inna ya tsaya bai fi yatsa uku daga ƙarfen ba. Mayafin ne ya riƙe ta. Uwargida ta bugi bangon da ƙirjinta, amma ba ta saki ba.

Na sauko cikin ruwa jikina yana rawa, na ɗaure kujerar da igiyar tamfol. Muka lallaɓa ta gefe muka haye. Wajen ƙarfe uku na dare muka isa. Da ma'aikatan asibiti suka ɗauki Inna, sai da na ɓamɓare yatsun uwargida ɗaya ɗaya daga mayafin, sun ƙage. Zanenta ya manne da jini a gwiwa. Muka zauna a baranda. Na ce, "Maman Ishaku, ki gafarta mini." Ta ce, "Allah ya riga ya taimake mu. Matasan nan uku suna ɗakin girki, na hana yara su yar."

Ashe tun ran da na jefar da su bayan gida ta tsince su, matan zumunta su ke zama a kai in sun zo. Na kai su wurin mai ɗinkin kujeru ya sa musu sabon soso mai kauri da sabuwar leda, naira 12 duka. Bayana bai ƙara damuna kamar dā ba. Da na san haka tun fari! Kuɗin keken ɗinki sai da kaka biyu ta wuce na gama biya.

Abin da na gaya wa jikana shi ne, kujerun yanzu sun fi na zamaninmu wuyar sha'ani. A yawancinsu makullin bel a jikin kujerar ya ke, saboda haka in an yi karo, notin kujerar ma suna cikin abin da zai riƙe nauyin mutum. Bel kuwa doka ce, tun 2003 jami'an kiyaye haɗari su ke kama wanda bai ɗaura ba. Waɗansu kuma akwai jakar iska a gefensu, da wayoyi a ƙarƙashi waɗanda tsohuwar mota ba ta san da su ba. Na ce ya auna tsayi, ya auna faɗi, ya zauna a kai ya taka kuloci kafin ya biya, kada a huda daɓe sai an duba abin da ke ƙasa, kada kuma ya rage noti ko ɗaya. Sa'an nan na yi masa tambayar tsohon nan, mutum nawa motar ke ɗauka yanzu, nawa za ta ɗauka bayan aikin. Ya ce zai je ya ƙirga tare da matarsa.

Inna ta yi mako uku a asibiti ta dawo gidanmu. Har yanzu ba ta iya kwanciya sosai, sai na kafa mata ɗaya kujerar Fijon a kan akwatin katako cikin ɗakinta. Da ya ke babu bango a bayanta, sai ga shi ta kwanta daidai yadda ta yi a hanyar Jos. A cikinta Inna ta riƙa barci har Ubangiji ya kira ta a 1985. Ɗayar kuwa Pasto ya roƙa aka kai ofishinsa, masu zuwa neman shawara su ke zama a kai.