Tsaskiya Da Yaran Da Suka Baro Gida

Tsaskiya tana cikin ƙaramar hukumar Safana, a yammacin Jihar Katsina. Wanda ya taso daga birnin Katsina yakan biyo ta Dutsin-Ma, daga nan ya kama hanyar da ake kira da sunan garin. Ƙasar noma ce, gero da dawa da wake da gyaɗa, makwabtanta na Batsari kuma sun yi suna da rogo. Can yamma Dajin Rugu ne ya shimfiɗe, ya ratsa Safana da Batsari, ya haɗe da dazuzzukan Zamfara. A da makiyaya da maharba ne suka san cikinsa. Daga baya 'yan bindiga suka mai da shi mazauninsu.

Mai karatu ya ji labarin ɓarnar. Ran 14 ga Fabrairu 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, ƙasar Batsari. A Disamba na wannan shekara aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara. Mutanen ƙauyukan bakin daji suka watse, waɗansu zuwa Batsari da Dutsin-Ma da Katsina, waɗansu har jihar Maraɗi ta Nijar.

Mun isa Tsaskiya da hantsi, bayan an gama girbi. Malamin makaranta duk inda ya je yara yake fara dubawa. Lokacin darasi ne, amma ga su nan a bakin hanya, masu tallan gyaɗa, masu jan ruwa, masu goyon ƙanne. Na gai da wani dattijo a gindin bedi, na ce, "Baba, yaran nan ba su zuwa makaranta?"

Ya ce, "Malam, yawancinsu ba 'yan garin nan ba ne, gudu ya kawo su. Uku suna gidana, jikokin yayata. Tuwon da zan ba su nake nema, balle littafi."

To, ga inda matsalar take. Ba a biyan kuɗin makarantar firamare ta gwamnati, amma akwai rigar makaranta, da takalmi, da littafin rubutu, da karin kumallo. Akwai kuma ɗan abin da yarinya take kawowa daga talla, wanda gidan zai rasa ran da ta shiga aji. Yaron da ya baro ƙauyensu yana aji uku, in ya shekara uku a waje, ya girme wa ajin. Kunya ba ta barinsa ya zauna cikin ƙannensa.

Wannan ya tuna mini da mutanen Tibet, ƙasar tuddai da ke arewa da Indiya. A 1959 shugabansu, Dalai Lama, ya tsere wa sojan Sin, mutane wajen 80,000 suka bi shi gudun hijira. Da yawa suka shiga aikin fasa hanya a duwatsun Indiya, 'ya'yansu suna mutuwa a bukkokin leburori. A watan Mayu 1960 aka tattara yara 51 marasa lafiya aka kai su garin Daramsala, yayar Dalai Lama, Tsering Dolma, ta riƙe su. Da ta rasu a 1964, ƙanwarsu Jetsun Pema ta gaje ta. Gidan renon nan ya girma ya zama makarantu masu dubban yara, ana kiransu Ƙauyen Yaran Tibet. Babban abin da ya ɗauke nauyinsu shi ne riƙo daga nesa. Wani iyali a Jamus ko Faransa ya karɓi yaro guda, ya san sunansa, yana aika kuɗi kaɗan-kaɗan ba fashi, shekara da shekaru, wasiƙa tana tafiya tana dawowa.

Mu Hausawa ba baƙin riƙo ba ne, dattijon nan ma shi yake yi. Ƙarfi ne ya gaza masa. A ganina ba gidan marayu ake bukata a Tsaskiya ba, gama yawancin yaran suna da uwa ko kaka ko kawu, raba su da dangi wani gudun ne na biyu. Abin yi shi ne a tallafi gidan da ya karɓe su. Kada kuma kowa ya sa sharaɗin addini a kan taimakonsa. Yawancin yaran nan 'ya'yan Musulmi ne, a bar su a kan tarbiyyar iyayensu.

Buhun masara da ake rabawa a ɗauki hoto yana da amfaninsa, amma mako biyu ya ƙare, karatun firamare kuwa shekara shida ne. Iyali guda, ko zumuntar mata ta ikilisiya guda, suna iya ɗaukar yaro guda ta hannun shugaban makaranta da mai unguwa. Su ɗinka masa riga, su sayi littattafai, su ba gidan ɗan hatsi kowane wata a madadin kuɗin talla. Ƙarshen kowane zango a aiko musu da takardar sakamakon jarrabawarsa, da rajistar da ta nuna kwana nawa ya zo aji.