Raƙumin Dawa da Mai Gonar Wake

Yaran da nake koyarwa a hoton littafi kaɗai suka san raƙumin dawa. Tsofaffinmu na Roni da Gwiwa sukan ba da labarin barewa da gada a bayan gari, amma yau in ka bi hanya daga Kazaure zuwa Babura, gona ce ke bin gona. Ban ga laifin manomi ba, gama bakin ci ya yi yawa.

Akwai abin dubawa a maƙwabtanmu na Nijar. A Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai, ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma suke. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage. Ba shinge a wurin, cikin gonakin Zabarmawa suke yawo, suna kuwa cin waken mutane. Duk wanda ya taɓa noma ya san zafin wannan. Gwamnati ta hana kashe su, amma a ganina doka kaɗai ba ta isa ta sanyaya zuciyar mai wake ba. Abin da ya taimaka shi ne baƙi masu zuwa kallo suna biya, samarin wurin ne kuma suke yi musu jagora. Ƙungiyoyi suka haƙa rijiyoyi, suka ba mata rance na sana'a. Dabbar da take ɓarna ta zama mai kawo abinci. Kafin 2018 sun haura 600, har a shekaran nan aka kwashi 8 zuwa dajin Gadabeji na jihar Maraɗi.

Haka Masai na Kenya, makiyaya kamar Fulaninmu, suke ba da hayar filayensu na kewayen Masai Mara ga masu kawo baƙi, ana biyansu wata wata. Wanda zaki ya kashe wa saniya yakan iya haƙuri in ya san zakin nan ne ke biyan kuɗin makarantar ɗansa.

Amma 'yan'uwa, kuɗin baƙon nesa kamar damina ne, yakan ɗauke. A watan Agusta na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a Kure, Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, ɗayansu jagora ne. Ƙafar baƙi ta ɗauke. A shekaran nan kuma cutar korona ta hana Turawa zuwa Kenya. Waken dai raƙumi bai daina ci ba.

Shi ya sa nake tunanin Baturiya, can wajen Haɗeja, a jiharmu, inda tsuntsaye suke sauka daga Turai lokacin hunturu. Mu nawa ne a Kazaure muka taɓa zuwa? Da makarantunmu za su riƙa kai yara, mu ɗauki masuncin wurin ya zaga da mu, mu biya shi hannu da hannu, mu sayi kifin matarsa, da ya sami dalilin hana ɗansa ɗana wa tsuntsayen nan tarko.