Tukunyar gas da tafiyar ƙetare: wacce za ka ɗauka, wacce za ka bari gida

1/ Masara ta fara shigowa gida a Gozaki, aljihu ya ɗan yi nauyi, masu niyyar tafiya sun fara lissafi. Mutum uku ke nan a satin nan suna tambayata wace tukunyar gas za su saya su tafi da ita waje. Bari in amsa gaba ɗaya a nan.

2/ Sau biyu ina zuwa Kaulaha ta mota lokacin Mauludi, kuma duka biyun girkin ayarinmu a hannuna yake. Malumfashi, Katsina, Jibiya, Maraɗi, Yamai, mu ratsa Burkina da Mali, mu shiga Senegal ta Kidira. Kwana da kwanaki ana kwana a tasha, a bakin boda, a filin Allah. Hanyar ba kamar da take ba yanzu saboda tsaro, amma maganar gas ɗin ba ta canza ba.

3/ Kafin ka tambayi kilo nawa, tambayi wa zai cika maka ita in ta ƙare.

4/ Mu nan tukunya taka ce. Ka ɗauke ta ka kai Funtuwa ko Malumfashi, a ɗora a sikeli, ka ce a zuba maka kilo biyu ko na kuɗin da ke hannunka. Da ka tsallaka ƙasashen Faransanci sai ka tarar akasari musanya ake yi. Tukunyar ta kamfani ce, da launinta da tambarinta. Ka biya kuɗin ajiya sau ɗaya, consigne suke ce masa, daga nan ka kawo fanko a ba ka cikakkiya.

5/ To ka ga matsalar. Ka je gaban mai shago a Bamako da 'yar tukunyarka ta gida, ya juya ta ya juya, bai ga tambarin da ya sani ba, ya miƙo maka abarka. Ba wulaƙanci ba ne, motar kamfani ce ba za ta karɓa daga hannunsa ba. Shi ke nan ka zama mai dakon ƙarfe har ka dawo gida, ga kuɗin kaya an caje ka.

6/ Kada wani ya ce ai sai a sami mai juyewa daga babbar tukunya zuwa ƙarama a lungu. Ana samu. Ni dai ba na tsayawa kusa da wurin ma. Gas ruwa ne a cikin tukunya, kuma yana kumbura in ya ji zafi, shi ya sa ake barin wajen kashi 20 cikin 100 fanko. Mai juyewa da ido ba ya barin wannan gurbin. Ka ɗora irinta a saman mota ka ratsa Kayes, inda zafi ke haura digiri 40 a bazara, wallahi da ranka da na mutum goma sha takwas kake wasa.

7/ Ko a gida aka cika maka, duba wuyan tukunyar. Akwai nauyinta fanko da aka buga a jikin ƙarfen. Haɗa shi da kilon da take ɗauka, a ɗora a sikeli a gabanka. In ya haura, a rage. Mu da muke auna masara da waken suya kullum bai kamata a koya mana sikeli ba.

8/ Abin da nake yi shi ne: mai kilo 3 nake fita da ita daga gida, wadda ake ɗaura wa kai a sama. Aikinta shayi da taliya da ɗumamen hanya. A tsaye take tafiya, a ɗaure, an cire kan, a inda iska ke shiga. Ba a kwantar da ita ƙarƙashin kujera, ba a danne ta da buhun garin tuwo.

9/ In mun isa masauki sai mu yi karo-karo mu karɓi mai kilo 6 ta can. Senegal sun daɗe a harkar nan, tun 1974 gwamnatinsu ta fara tura mutane ga gas don a rage sare daji, shi ya sa kusan kowane shagon unguwa za ka ga tukwane a jere a ƙofa. Ƙarewarta ba abin tashin hankali ba ne, yaro ma sai ka aika. A Nijar ma ta yawaita tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011.

10/ Kan da ake ɗaurawa kuwa, ka saya tare da tukunyar, a wuri ɗaya. Zaren bakin tukunya ba iri ɗaya ba ne ko'ina, wani ya hau daidai, wani ya hau rabi ya tsaya. Na rabin nan shi ne mugun, don za ka zaci ya zauna. A ɗaura a gaban mai shago, a shafa ruwan sabulu a mahaɗar. In ya yi kumfa, yana yoyo. Ba a gwada yoyo da ashana, na san kun sani, amma na ga dattijo da gemunsa ya yi.

11/ Har Turai haka abin yake. Ɗan wana da ke karatu a Ingila ya ce tukunyar Calor tasu ba a musanya ta a Faransa, sai masu yawon kwanan daji su nemi shuɗiyar nan ta Campingaz da ake karɓa a ƙasashe da yawa na can.

12/ Sai 'yan gwangwanayen nan masu kamar na maganin sauro, gram 220 ko kusa da haka, da ake saƙalawa a gefen ɗan murhu mai akwati. Samari suna son su, ga kyau ga rashin nauyi. Gwangwani ɗaya in ka buɗe wuta sosai da ƙyar ya wuce awa ɗaya da rabi. Shinkafar mutum goma za ta cinye maka biyu kafin miya. Kuma ba kowane gari ake samunsu ba.

13/ Babban haɗarinsu faffadar tukunya ko ragar gashi da ta rufe saman gwangwanin. Zafi ya dawo kansa, ya fashe. Mai son gasa nama a kan irin wannan murhun ya kula da wannan sosai. Da asubar hunturu kuma wutarsu lanƙwas take yi, domin butane ne a ciki, ba ya tashi da kyau in sanyi ya yi yawa, kusa da digiri sifili ma tsayawa yake cak. Propane shi ne ke jure sanyi, har ƙasa da sifili da digiri 42.

14/ Ra'ayina a kan gashi dai, gawayi ya fi. Balangun gas ba ya ƙamshi, kitse ya ɗiga ya toshe ramukan kan, gas ɗin shayin gobe ya tafi a banza. Ɗan kurfoti da raga sun isa, gawayi kuwa babu garin da babu shi. In ƙyuya ta kama ka, a Senegal 'yan uwanmu Hausawa ne suka yi suna da gashin nama, dibi Hausa ake ce masa. Ka yi sallama da Hausa a ƙara maka yaji.

15/ Masu jirgi, ku cire gas daga lissafi gaba ɗaya, ko gwangwani ɗaya ba a yarda ya shiga jaka ba. Alhazai kuma ku ninka wannan. Gobarar Mina ta 1997 da ta ci rai sama da 340, tukunyar gas aka ɗora wa alhakinta. Bayanta ne aka kafa tantunan da ba sa cin wuta, kuma har yau an hana shiga da gas wuraren nan lokacin aikin Hajji.

16/ Ko a ina ne, kada a kunna a cikin tanti ko mota a rufe don ana jin sanyi. Iskar da wuta ke fitarwa in ba ta samu sarari ba, ba ta da wari ba ta da launi, barci kawai mutum zai ji.

17/ Ranar dawowa, tukunyar can a bar ta can. In ka riƙe rasiɗin ajiya, wani mai shagon yakan mayar maka da wani abu, wani ya ce sai dai ya saya a ragi. Mu a tafiyar ƙarshe matar gidan da ta ba mu tsakar gidanta muka bar wa, da sauran gas a ciki, da kan. 'Yar kilo 3 ɗin ta dawo Gozaki fanko, yanzu haka tana ɗakin gona, da ita masu gadin tumatir ke dafa shayi.