Tubalan Da Ba Mu Muka Buga Ba



Masu zuwa shagon Baba a kasuwa sun san tuni muka ajiye littafin bashi, yanzu a kwamfuta nake rubutawa, cikin wata buɗaɗɗiyar manhaja ta kyauta wadda kowa zai iya duba cikinta ya gyara. Na fara koyon abin ne a wajen masu yi wa yara rajistar JAMB, kun san a nan Bwari hedikwatarsu take. Yanzu har ina ɗan taimaka wa masu manhajar, kuma aikin da na ɗauka shi ne wanda kowa ke gudu, wato sabunta tubalan da aka gina ta da su.

Manhajar nan, jama'a, kaɗan ne namu a ciki. Sauran duk aikin wasu ne da ba mu taɓa gani ba, daga rumbun npm ake jawo su, kowane tubali kuma yana jingine da wasu. Kamar Baba ne da dillalansa na Dawanau, su ma suna jiran manomi. A Maris 2016 wani mai suna Azer Koçulu ya yi rigima da npm kan sunan wani tubalinsa, ya kwashe kayansa. Cikinsu akwai left-pad, layi 11 kacal, amma dubban ayyuka suka tsaya cak sai da aka mayar da shi. A Disamba 2021 kuma aka gano ɓaraka a Log4j, duk wanda bai sabunta ba ya bar ƙofarsa a buɗe.

Lambar tubali nake fara dubawa, misali 4.2.1. In ta ƙarshe ce ta canza, ɗan faci ne. In ta farko ce, to a yi hattara, wani abu na iya karyewa. Ɗaya-ɗaya nake yi, in gwada, in NEPA ta bar ni. A ganina masu sabunta komai a dare ɗaya ganganci suke yi, masu ƙin taɓawa kuma sun fi su, domin sunayen masu bashi da lambobin wayarsu ne a ciki, mutanen da muke sahu ɗaya a masallaci.

Baba ya ce, "Kai, kwana biyu kana dannawa, me ya canza?" Na ce babu, Baba. Ya ce to tashi ka juyo buhunan gero na ƙasa su dawo sama.

Sai mun sake haɗuwa.